Kyamarar Gaban Mota: Ku Duba Abin da Take Gani Tun Kafin a Tambaye Ku

Ƙannena masu cin abinci da sitiyari, da ku da kuka sayi motar farko kuna lallaɓa ta, maganata a yau a kan 'yar kyamarar nan ce da ake liƙawa a gilashin gaba, bayan madubi. Ta fara yawa a titunanmu. Ana ganin ta a motocin masu ɗaukar fasinja ta manhaja a Abuja da Legas, da motocin kamfanoni, da na masu doguwar tafiya da suka gaji da musun "kai ka shigo mini hannu", "a'a, kai ka taka burki ba sigina". Saye ne mai kyau, ba na ja. Inda nake ja shi ne yadda yawancinku kuke liƙa ta, ku ga jar fitilarta tana ƙiftawa, ku ce shi ke nan, an samu shaida. Sai ranar da aka gogi mota aka tsere, a zare katin memori a duba, a tarar lambar motar ta zama farin fili, ko kuma bidiyon wannan mintin ma babu shi ɗungurungum.

Duniya ta san wannan na'ura sosai ne a ranar 15 ga Fabrairun 2013, lokacin da wani dutse daga sararin samaniya ya fashe a saman birnin Celiyabinsk na ƙasar Rasha. Yawancin bidiyon da aka yi ta kallo daga kyamarorin motoci suka fito, domin direbobin Rasha sun daɗe suna saka su saboda 'yan damfarar inshora da rigingimun hanya. To amma abin da haskensa ya fi na rana, ko wace kyamara za ta kama shi. Abin da ku kuke nema ƙarami ne: haruffa uku, lambobi uku da haruffa biyu a jikin lambar mota, ko launin danja a daidai lokacin da kuka shiga mahaɗa, ko tayar wa ta fara tsallake layi. A kan irin waɗannan ƙananan abubuwa ake gane kyamara mai aiki da wadda ado kawai take yi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau ɗin nan, ka zare katin, ka saka shi a kwamfuta, ka buɗe bidiyo ya cika allo. Ka duba na tsakar rana, da na magariba, da na dare. Ka tsayar da hoton a inda wata mota take gabanka, ka gwada karanta lambarta. Kada ka yi hukunci da ɗan allon da ke jikin kyamarar, don a kansa komai fes yake fitowa saboda ƙanƙantarsa. Kada kuma ka yi hukunci da abin da manhajar waya take nuna maka kai tsaye, domin galibi rage masa inganci ake yi don ya yi saurin zuwa. Bidiyon da aka turo ta WhatsApp kuwa ya fi kowanne lalacewa, an matse shi. Mutane da yawa sun tsine wa kyamara mai lafiya saboda sun kalli kwafin kwafi.

Idan ainihin bidiyon ne ka gani dishi-dishi, kada hannunka ya fara zuwa aljihu. Ka fara da abin da ba ya cin ko kwabo, wato gilashi. Kyamarar ta cikin gilashi biyu take kallon duniya, nata da na motar, kuma kowanne ya ɗauki datti hoto ya tafi. Sabuwar kyamara takan zo da 'yar siririyar leda a kan idonta, kuma akwai masu yin watanni suna ɗauka ta cikin ledar ba su sani ba. Bayan ita sai shatin yatsa, wanda mai ɗaurawa yake bari lokacin da yake juya ta. Maiƙon yatsa da rana ba ya nuna kansa sosai, amma da dare sai ka ga kowace fitila ta yi gemu, haske ya bazu ya cinye abin da ke gefensa. Maganinsa ƙyallen goge tabarau. Sai dai ka hure ƙurar tukuna, domin ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, idan ka murza ta a kan idon kyamara ka kankare shi ke nan, kuma kankara ba ta gogewa.

Gilashin motar kuma kowa waje yake wankewa, a manta da ciki. Alhali a ciki ne wani siririn maiƙo yake taruwa: tururin robar dashbod idan rana ta gasa ta, da hayaƙin taba, da turaren wuta, da man ƙyalli da masu wankin mota suke fesawa, da tsumman nan guda ɗaya da ake goge sitiyari da shi a goge takalmi a dawo a goge gilashi. Idonka ya saba da wannan hazon har ba ka ganinsa, amma kyamara ba ta sabawa. Ka fuskanci rana da hantsi ko da la'asar sakaliya, za ka ga duk hoton ya yi fari kamar an watsa toka. Ka wanke cikin da ruwan wanke gilashi da ƙyalle mai tsabta, ka bi da busasshe. Sannan a daina kunna waifa a kan busasshiyar ƙura. Kowace shara tana barin siririn zane, kuma waɗannan zanukan ne suke ja wa fitilun dare dogayen jela a bidiyo. A zuba ruwa kafin a kunna, a canja robar waifa idan ta bushe ta tsage, musamman gab da faɗuwar damina.

Wata matsalar kuma ba datti ba ce, inuwa ce. Gilashin gaba a kishingiɗe yake, saboda haka duk abin da ke kan dashbod yana bayyana a jikinsa, kuma kyamara tana ɗaukarsa a kan titi. Farar takardar mota, hula, kwalin tishu, farin bargon nan mai gashi da wasu suke shimfiɗawa don ado, duk za ka gan su suna yawo a tsakiyar bidiyo. A kwashe su, a shimfiɗa baƙin ƙyalle marar sheƙi, rabin matsalar ta kau. Sauran rabin akwai ɗan gilashin tace haske da ake kira CPL, wanda ake maƙalawa a idon kyamara a juya shi a hankali har inuwar ta dushe. Yana aiki ƙwarai da rana, sai dai yana rage hasken da ke shiga da fiye da rabi, don haka mai yawan tafiyar dare ya auna kafin ya saka.

Wurin ɗaurawa ma yana da nasa. A sa ta a tsakiya, bayan madubi, a cikin yankin da waifa take sharewa, in ba haka ba da an fara ruwa sai ɗigo kawai za ta ɗauka. A sunkuyar da ita kaɗan yadda titi zai fi sama yawa a hoto, kamar kashi shida titi, huɗu sama. Dalili shi ne kyamara da kanta take auna haske. Idan sararin sama ya mamaye hoton, sai ta ɗauka duniya ta yi haske da yawa ta rufe ido, titi da motoci su koma baƙi. Maƙalin roba mai tsotsar gilashi yana saki idan ya sha zafi, kuma a kan gargada yana rawa, rawar nan kuwa tana narkar da rubutu. Mai gam ɗin 3M ya fi riƙo. Carbi da turaren da ake ratayewa a madubi kuma a matsar da su, kada su yi ta lilo a gaban shaida.

Yanzu mu zo kan katin memori, wanda a ganina shi ne ya fi kowane abu cin amanar direbobi. Katin waya hutawa yake yi: a ɗauki hoto, a ajiye waƙa, shi ke nan. Katin kyamarar mota kuwa rubutu yake yi babu tsayawa, idan ya cika ya goge na farko ya rubuta sabo a kai, cikin zafi da girgiza. Kowane kati yana da iyakar sau nawa za a iya rubutu a kansa kafin ya gaji. Idan ya fara gajiya sai ka ga bidiyo yana tsalle, ko hoto ya farfashe murabba'i-murabba'i, ko fayil ya ƙi buɗuwa, ko kyamara ta yi ta mutuwa tana tashi. Mafi muni shi ne wanda ba ya nuna alama, fitila tana ƙiftawa amma babu abin da ake ajiyewa. Akwai katunan da aka ƙera don wannan wahalar, irin su SanDisk High Endurance da Samsung PRO Endurance. A duba alamar U3 ko V30 a jiki, wadda take nufin katin ba ya yin ƙasa da megabait 30 a daƙiƙa wajen rubutu.

Sannan akwai jabu, kuma jabun kati mugun abu ne saboda yana ƙarya har ga kwamfuta. A jiki an rubuta gigabait 128, ka saka shi ya nuna 128, alhali ainihin cikinsa bai kai rabin rabin haka ba. Da ya wuce iyakarsa ta gaskiya, duk abin da aka zuba ya ɓace, sunan fayil kawai zai rage. Akwai 'yar manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna H2testw, wadda take cika katin ta sake karantawa ta faɗi gaskiyar girmansa. Duk mai gyaran waya da ya san aikinsa zai iya gwada maka. Katin da farashinsa ya yi ƙasa da na kowa a kasuwa, ka ajiye wa mai shi kayansa.

Girman katin ma lissafi ne mai sauƙi. Kyamarar 1080p mai rubuta megabit 15 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 7 a awa ɗaya. Ke nan katin gigabait 32 ba zai riƙe awa biyar cikakku ba. Wanda ya tashi daga Kano zuwa Maiduguri, tafiyar kusan kilomita 600, kafin ya isa kyamara ta goge abin da ya faru a Wudil. Ga kuma wata 'yar na'ura a cikinta mai jin girgiza, wadda idan ta ji duka take kulle bidiyon don kada a goge shi. Waɗanda suka ƙera ta haɗari suke nufi, ba su san ramukanmu ba. Idan aka bar ta a mataki mafi ji, kowane rami haɗari ne a wurinta, cikin 'yan makonni kati ya cika da kullallun fayiloli, babu wurin sabo. A rage mata ji zuwa mataki na ƙasa, kuma a riƙa yi wa katin fomatin a cikin kyamarar kanta kamar sau ɗaya a wata, bayan an kwashe abin da ake so.

Game da lambobin da ake bugawa a kwali, ku yi hattara. 1080p na nufin ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, kimanin miliyan biyu. 1440p ya kusa miliyan huɗu, 4K na gaskiya kuwa ya haura miliyan takwas. Amma kyamarori masu araha da yawa suna ɗaukar ƙaramin hoto ne su buɗa shi da lissafi su rubuta 4K. Kamar ƙara wa koko ruwa ne, kofi ya cika amma gasarar ba ta ƙaru ba. Abin da ya fi lambar kwali muhimmanci shi ne sensar da ke karɓar haske. Kamfanonin da suka yarda da kayansu, irin su Viofo da BlackVue da Thinkware da 70mai, sukan faɗi sunan sensar da suka saka, kuma za ka yawaita ganin jerin Sony STARVIS, wanda aka yi don ƙarancin haske. Kwalin da ya cika baki da 4K amma ya yi shiru a kan sensa, akwai abin da yake ɓoyewa. 1080p na gaskiya ya fi shi. Haka ma faɗin gani: digiri 170 yana da daɗin faɗa, amma gwargwadon faɗin da aka kwaso gwargwadon ƙanƙancewar kowace lamba a ciki. Wajen 140 ya wadatar. A cikin saiti kuma a tabbata an zaɓi inganci mafi girma, don wasu daga kamfani a matsakaici suke zuwa.

Dare kuwa sai an yi haƙuri da shi, domin a nan akwai iyakar da kuɗi ma ba ya tsallakewa gaba ɗaya. Idan haske ya yi ƙaranci, kyamara tana barin idonta a buɗe ya daɗe don ta tara haske, har ya kai kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa a kowane hoto. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa, ke nan a cikin wannan ɗan buɗewar ta matsa kusan mita ɗaya. Idan ku biyu kuke fuskantar juna da irin wannan gudun, tazarar da ta rufe ta kusa mita biyu. Ta yaya harafin da bai kai tsawon yatsa biyu ba zai tsaya? Shi ya sa za ka karanta lambar wanda kake bi a baya, tunda gudunku ɗaya, amma ta mai tahowa ta zama zane. Wannan ba lalacewa ba ce, kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan zai gyara.

Akwai dai abin da ake iya ragewa. Lambobin motocinmu farar ƙasa gare su mai mayar da haske, da shuɗin rubutu a na gida, ja a na haya, kore a na gwamnati. Idan fitilarka ta doke su, farin yakan yi ƙarfi ya haɗiye rubutun. Kunna HDR ko WDR a saiti yana taimakawa, domin aikinsa ke nan, daidaita wuri mai tsananin haske da mai duhu a hoto guda. Rage EV, wato saitin yawan hasken hoto, da mataki ɗaya ko biyu yana dawo da rubutun, ko da yake gefen titi zai ƙara duhu. Sauke babbar fitila idan kana bayan mutum ma yana gyara hoto, ban da cewa ladabin hanya ne. Idan kuma ka ga fitilun titi da na shaguna suna rawa a bidiyo, ka duba inda aka rubuta 50Hz da 60Hz. Wutar Najeriya da Nijar da Ghana 50 ce, ta Amurka 60, kuma kyamarar da aka shigo da ita daga can takan zo a kan 60.

Dabarar da ta fi duk waɗannan ba a saiti take ba. Ka bar makirfon ɗin kyamarar a kunne, idan abu ya faru ka karanta lambar motar da ƙarfi, sau biyu, ka faɗi launinta da irinta. Idonka ya fi sensar gani da dare, kuma muryarka za ta zauna a fayil ɗin tare da lokacin. Mai ɗaukar fasinja dai ya kyautu ya sanar da su cewa ana naɗar sauti, don hirar mutane amana ce.

Sai zafi. A watannin Maris da Afrilu, garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna haura digiri 40 a inuwa, kuma dashbod ɗin motar da aka rufe a rana yana iya wuce 70. Kyamara a manne take da gilashi, a daidai inda rana ta fi duka. Idon masu araha da roba ake yin sa, da mazauninsa, kuma roba tana motsi idan ta yi zafi. Alamar ita ce bidiyon safe ya fito tas, na azahar ya yi laushi, babu abin da ya fito da kaifi ko na kusa ko na nesa. Da farko yana dawowa idan ta huce. Idan aka ci gaba da gasa ta, wata rana ba zai dawo ba, kuma a nan ne kawai zan ce a nemi wata. Masu batirin litiyam a ciki sun fi shan wahala: batirin ya kumbura, kyamara ta mutu kafin ta rufe fayil na ƙarshe, wanda sau da yawa shi ne na haɗarin. A ƙasarmu a nemi mai kafasita maimakon batir, ita ta fi jure zafi. A yi fakin a inuwa, ko a sa abin tare rana, ko a zare ta a sa a aljihun mota, wanda hakan ma yana rage wa masu fasa gilashi kwaɗayi.

Idan kyamara tana ɗaukewa tana dawowa alhali katin lafiya lau, a duba wuta. Volt 5 take ci, cajarta ce take sauke mata daga 12 na mota, kuma siririyar wayar caja ta bakin titi ba ta kai mata abin da take buƙata. A yi amfani da wayar da ta zo da ita. Direbobin tirela da tanka su tabbata cajar tana karɓar volt 24. Wanda zai haɗa ta kai tsaye da wutar mota don ta yi gadi bayan an kashe inji, ya kai wa mai wayarin da ya ƙware, a sa mai yanke wuta idan batir ya yi ƙasa, in ba haka ba da safe sai turi.

Kwanan wata da agogo kuma kada a raina su. Bidiyon da ya fito tas amma yana nuna shekarar da aka ƙera kyamarar ya ba abokin musu ƙofa. Agogonmu awa ɗaya yake gaban GMT a Najeriya da Nijar, Ghana kuwa daidai take da shi. Mai GPS ma sai an zaɓa mata wannan da hannu. Ku kuma sani cewa mai GPS tana rubuta gudunku a ƙasan hoto, ba ta san maigida ba. Wanda ke taka 140 yana latsa waya, shaidar da ya saya da kuɗinsa a kansa za ta faɗa.

Ranar da abin ya faru, Allah Ya kiyaye, bayan an duba lafiyar mutane, ka danna maɓallin kulle bidiyo, ka kashe kyamarar, sannan ka zare katin. Zare shi tana cikin rubutu yana lalata fayil ɗin da kake nema. Kada ka bar shi a ciki ka ci gaba da tafiya, za ta rubuta sabo a kai, shi ya sa ajiye kati na biyu a mota yake da amfani. Ka kwafe fayil ɗin a kwamfuta yadda yake, ba yankewa, ba ƙara haske, ba ɗora rubutu. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar karɓar shaidar da na'ura ta samar a kotunan Najeriya, amma da sharuɗɗa, ciki har da nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin, don haka lauya zai so ainihin katin da ita kanta kyamarar. Idan jami'an kiyaye haɗura ko 'yan sanda ko kamfanin inshora suka nema, kwafi za ka bayar, asalin ya zauna a hannunka. In kuma dole sai ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, kada ka tura shi a matsayin bidiyo, don ya isa yadda kyamara ta ɗauke shi.